Ba Shi da Bashi

Laraba, 2 ga wata

Zuwa ga 'yata Akawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, kamar yadda muke nan lafiya lau. Gwiwata ce kawai take ɗan taɓa ni da safe, ita ma da na kama zarto sai ta manta.

Kafin komai, buɗe kunnenki. 'Yata Auta ta sauka! Namiji, ranar Juma'ar da ta wuce, da hantsi. Ita lafiya, shi lafiya. Kuma ubansa ya sa masa sunana. Ni ɗin nan da kika sani na yi takwara. Tun ranar ban gama ƙofa ko ɗaya ba a shago, da na ɗauki guduma sai in ga ƙafa ta kai ni gidansu. Matata Mai Ƙanƙara ta ce in ban rage leƙe ba zan cinye wa yaro fuska da kallo. Hancina ne sak, Allah ya ba shi haƙurin ɗauka.

Kada ki tambayi wanda ya rubuta mini wannan. Hannuna ne. Shekara uku ke nan ina zuwa makarantar yamma ta manya, bayan na rufe shago. Malamarmu ta ce hannu ba ya faɗawa sai da kwafi, saboda haka duk takardar da ta shigo gidan nan sai na kwafe ta a littafina, har ta jikin kwalbar maganin tari. Na san za ki ce me ya hana in buga waya. Kunnena na hagu ya tafi, na dama yana ɗaure kaya, kuma ban zauna a bencin yara da furfurata don in ƙare da ihu cikin waya ba. Dogo direba yana zuwa wajenku duk mako, shi zai riƙa kai miki.

To, ga abin da ya tsaya mini a wuya. Auta ba za ta iya komawa shagon ɗinkin da take aiki ba da jariri a hannu. Na ce zan ɗauko mata keken ɗinki a riƙa biya wata-wata, ta yi aikinta a ɗaki. Na sa rigata mai kyau na tafi wurin masu sayar da kekuna. Na cika takarda da kaina, na sa hannu, ba dangwale ba. Yarinyar da ke kan tebur ta danna na'ura, ta dube ni, ta sake dannawa, sai ta ce, "Baba, ba za a iya ba ka ba. Sunanka yana cikin waɗanda ba su biya ba." Na ce, "Sake dubawa, 'yata, masu sunana suna da yawa, ko makon jiya an ƙara ɗaya." Ba ta yi dariya ba. Ta ce shagon firji ne suka kai sunana.

Kin tuna firjin da na saya wa Mai Ƙanƙara shekara biyu da suka wuce, wanda take sana'arta da shi. Biyan wata goma sha biyu ne. Wani mai jar hula yana zuwa a babur kowane wata, in miƙa masa kuɗi, ya yago mini rasit. Na biya tas. Da na je wurin manajan shagon firjin, ya buɗe littafi ya ce wata uku na ƙarshe babu su, mai jar hula kuma ya bar aiki tuni, ba su san inda ya nufa ba. Da tarar jinkiri abin ya kusa ninkawa.

Mai Ƙanƙara ta ce mu biya mu huta. Ni kuwa in na biya, na amsa ke nan cewa na ci. Shekara sittin da takwas ina riƙe da sunan nan babu tabo. Sai yanzu da aka ɗora shi a kan wanda bai san komai ba za a shafa masa baƙi? Ke ce kike zaune a ofishin lauya kina buga takardu, ki gaya mini abin yi. Yau Kawu ne yake neman Akawu.

Ki gaishe da kowa.

Kawunki, Kafinta


Talata, 8 ga wata

Kawu,

Wa'alaikumus salam. Barka, barka! Allah ya raya takwara, ya ba shi halinka, hancin kuma mun bar wa Allah. Mu duka lafiya, ƙaramar ce ta yi mura ta warke. Wasiƙarka sau biyu na karanta ta, na farko don labari, na biyu don rubutu. Da Inna tana raye da ta yi kukan murna, ita da kullum take cewa ɗan baffanta ya fi kowa ƙwaƙwalwa a dangi, biro ne kawai bai samu ba.

A tsaye nake rubutun nan, Dogo yana ta danna hon a ƙasa, takardar ma guntuwa ce na yago. Ka yi haƙuri da gajarta.

Kada ka biya. Kada kuma ka ce "a rage mini" ko "zan duba", don za su rubuta cewa ka amsa. Ni ba lauya ba ce, amma shekara tara ina buga irin waɗannan takardu, na san inda hanyar ta bi. Doka ta ba ka dama ka je ofishin da ke ajiye sunayen masu bashi ka ga abin da aka rubuta a kanka. In ƙarya ne, ka ƙi yarda a rubuce. Daga nan dole su tambayi shagon, shagon kuma dole ya kawo hujja cikin wata guda, in bai kawo ba a goge. Wanda ya ce yana bin ka shi zai nuna, ba kai ba.

Amma a fara da lalama. Ka koma wurin manaja, ka nemi lissafinka a rubuce, wata-wata, da hatimin shago. Abu na farko in za ka tafi, rasit ɗin ba
shi. Shi ne makaminka, da ya gani jikinsa zai yi sanyi. Kuma don Allah kada ka ɗaga murya, na san halinka in an taɓa ka.

Na ba Dogo 'yan riguna biyu na takwara. Ka ce wa Auta ina nan zuwa in an ba ni hutu.

'Yarka, Akawu


Asabar, 12 ga wata

Akawu 'yar albarka,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Riguna sun iso, sun yi wa takwara yawa, ya nutse a ciki kamar cokali a tulu. Auta tana godiya. Jiya ya kama yatsana ya ƙi saki. Wannan da gani mai riƙe guduma ne.

Na bi maganarki baƙi bayan baƙi. Kin ce rasit ɗin, ba shi. Na ba shi. Duka goma sha biyu, na fito da su daga gwangwanin da nake ajiye su, na jera bisa wata, na ɗaure da roba. Na ma ji daɗi da na ga kin raba "ba shi" yadda ya kamata. Malama ta sha buga tebur a kan wannan. Takan ce, "Ba shi a rabe, kyauta ce. Bashi a haɗe, nauyi ne." Ranar da ta yi mana jarrabawa a kai goma cikin goma na ci, na wuce har mai gyaran rediyo da yake ganin ya fi kowa.

Jiya Juma'a na je. Ban ɗaga murya ba. Manajan yaro ne sa'an Auta, da igiya a wuya, irin wadda 'yan boko ke ɗaurawa a kan riga. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo mini ruwan sanyi. Ya fara buɗa rasit ɗaya bayan ɗaya yana murmushi. Da ya zo kan uku na ƙarshe sai murmushin ya tsaya, kamar yadda kika faɗa. Ya juya su gaba da baya, ya ɗaga ɗaya ya duba a haske. Ya ce, "Baba, bar mini su in gwada da babban littafi. Ka dawo Juma'a mai zuwa." Ya sa a aljihun tebur ya murɗa makulli. Na ce lissafina a rubuce fa? Ya ce injin buga takarda ba tawada, duk a haɗa ranar Juma'a. Har bakin ƙofa ya raka ni.

Da na dawo gida Mai Ƙanƙara ta ga gwangwani wayam, ta tafa hannu ta ce, "Ka ba kura ajiyar nama, har ka yi mata godiya." Na ce mata Akawu ce ta ce, kuma Akawu a cikin doka take kwana take tashi. Ta ce, "To, Allah ya sa." Kin san yadda take jan "to" ɗin nan, kamar ana buɗe tsohuwar ƙofa.

Na riga na auna wurin da za a ajiye keken a ɗakin Auta, kusa da taga. Zan yi mata 'yar kujera daidai tsayinta.

Kawunki


Litinin, 21 ga wata

Akawu,

Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Mu jiki lafiya, amma hankali ba a kwance yake ba.

Na koma ranar Juma'a. Na zauna a benci tun safe har rana ta take. Da aka shigar da ni, ba kujera, ba ruwan sanyi. Na ce na zo karɓar rasit ɗina da lissafi. Ya ce, "Wane rasit?" Na nuna aljihun tebur. Ya jawo shi gaba ɗaya ya ɗora a gabana. Biro uku ne a ciki da wayar caji. Ya ce, "Baba, ka tabbata nan ka kawo? Ka san girma ya zo, ka duba gida da kyau." Akawu, na yi miki alkawarin ba zan ɗaga murya ba. Na karya alkawari. Mai gadi ne ya riƙo hannuna har titi.

Washegari suka aiko da takarda. Kwana goma sha huɗu, in ban biya ba za su zo su ɗauki firji. Ranar uku ga sabon wata ke nan. Na karanta ta da kaina sau biyar, karo na farko da na yi da-na-sanin iya karatu.

Magana ta fara yawo a layinmu. Mai shayin bakin titi, wanda shekara goma sha biyar nake zama a bencinsa, bencin ma ni na yi masa, ya ce cikin wasa, "Kafinta, yau a fara biya kafin a zuba." Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, amma na tashi na bar shayin a kofi. Shekaranjiya na yanke ƙofar wani ta gaza da yatsa uku. Shekara arba'in ina auna katako ban taɓa yin haka ba. In zauna a shago in ji gida nake so, in je gida in ji kamar ana kirana a shago.

Na kama Mai Ƙanƙara tana ƙulle 'yan kunnenta a gefen zane za ta kai kasuwa. Na karɓe na ɓoye a akwatin ƙusa. Auta ta ce a bar maganar keke, za ta yi haƙuri. Ba keken ne ya dame ni ba yanzu. Jiya na ɗauki takwara, uwarsa ta kira sunansa, sai na ji kamar yarinyar nan mai na'ura ce take karantowa.

Kullum sai na leƙa tasha, ba Dogo ba labarinsa. Wasiƙata ta iso kuwa? Ko na yi wani laifi ne? Ko ke ma kin fara tunanin na ci kuɗin na manta? In haka ne ki faɗa mini kai tsaye, ni ba yaro ba ne. Wannan zan ba duk direban da na samu.

Kawunki


Alhamis, 24 ga wata

Kawu,

Lafiya lau muke, ba fushi ba ne, ba zargi ba ne. Motar Dogo ce ta mutu a hanya, ya kwana tara yana jiran kayan gyara, wasiƙarka tana ajiye a gaban mota. Yau da safe biyun suka iso tare. Na buɗe ta farko a tsaye, kafin in kai ƙarshe sai da na nemi kujera.

Kawu, bashi na rubuta. A haɗe. Rasit ɗin bashi, wato rasit ɗin kuɗin firji. Nufina shi ne abu na farko da za ka ɗauka in za ka tafi. Takardar ce ta ƙare a gefe, "ba" ya tsaya a sama, "shi" ya sauko ƙasa. Kuma ka duba, yaushe na taɓa ce maka "ba shi" tsirara haka, kamar ina aiken ɗan cikina? Ai ko da haka nake nufi da na ce "ka ba shi".

Amma ba zan ɗora maka duka ba. Laifina ya fi yawa. Ban ja ɗan layin da ke nuna kalma ba ta ƙare ba. Kuma ban gaya maka abin da ya fi komai ba, don a wurinmu kowa ya sani har na manta ana faɗa: takardar asali nunawa ake yi, ba a barinta a hannun kowa. Hoto ake bayarwa. Ka yafe mini.

Yanzu ga abin yi, a hankali nake rubutawa, kowace kalma da wurinta.

Takardar kwana goma sha huɗu barazana ce. Ba su da ikon shiga gidanka su ɗauki kaya sai da umarnin kotu mai hatimi. In sun zo, ka nemi ganinsa. In babu, su koma. 'Yan kunnen Mai Ƙanƙara su ci gaba da zama a akwatin ƙusa.

Ka je ofishin kare haƙƙin masu saye, ana shigar da ƙara kyauta. Ka faɗi komai, har ranar da ka miƙa rasit da abin da manaja ya ce. Sannan ka je ofishin sunaye ka shigar da ƙin yarda. Duk takardar da ka miƙa, ka sa a buga maka hatimi a kan hotonta ka dawo da shi.

Sai tambaya ɗaya, kuma ita ta sa na kasa cin abincin rana. A wasiƙarka ta farko ka ce duk takardar da ta shigo gida sai ka kwafe ta, har ta maganin tari. Rasit fa? Ka kwafe su? Da lambobin da ke samansu? Ka amsa mini da motar farko.

'Yarka mai neman gafara, Akawu


Asabar, 26 ga wata

Akawu,

Mun gode Allah da lafiya ce. Na yafe miki, ke ma ki yafe zargin da na yi.

Sai dai na kai wa Malama guntuwar takardarki don a raba gardama. Ta sa tabarau ta duba, ta ce tunda babu ɗan layi, "ba shi" ne, karatuna daidai ne. Mai Ƙanƙara da ta ji ta ce, "Madalla. Ka ci jarrabawa, ka faɗi firji."

Na je ofisoshin biyu jiya, na shigar, an buga mini hatimi. Matar da ke ofishin masu saye ta tambaye ni ko ina da wata shaida. Na ce babu.

Gaskiya akwai littafin. Na kwafe su duka goma sha biyu, da lamba da kwanan wata da komai. Amma ba zai fita daga gidan nan ba. Littafin shekarata ta biyu ne, lokacin rubutuna kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kan takarda. Ko'ina jan biron Malama ne. A shafin rasit na ƙarshe uku cikin goma ta ba ni, ta rubuta "Ka ƙara ƙoƙari" da manyan baƙaƙe. Ko Mai Ƙanƙara ban taɓa nuna wa ba. Kina so in buɗe wannan a gaban yaron nan mai igiya a wuya, wanda ya riga ya ce tsufa ya cinye mini hankali? Ya ce ga shi nan, ɗan aji biyu ne ya zo ƙara?

Kuma wa zai yarda da littafin ɗan makaranta? Cewa za su yi jiya na zauna na rubuta.

Saura kwana bakwai. Na fara tunanin in sayar da injin goge katako in biya su, kowa ya huta.

Kawunki


Litinin, 28 ga wata

Kawu,

Muna lafiya. Ban jira Dogo ba, na biya mai motar haya ya kawo maka wannan hannu da hannu.

Kada ka taɓa injin nan. Kowane rasit da aka yago yana barin kwafinsa a ƙasa cikin littafin rasit na shago, lamba ɗaya da na hannunka. Manaja ya ɓoye naka, amma bai san kana da lambobin ba. Da lamba, ofishin zai iya cewa ya kawo littafi kaza, shafi kaza.

Ka ce za su ce jiya ka rubuta. Malama ba ta sa kwanan wata in ta duba aiki? Jan biron da kake jin kunya shi ne shaidarka. Ka roƙe ta ta raka ka.

Ka zaɓa wa takwara da kanka: kaka mai uku cikin goma, ko kaka mai suna a cikin waɗanda ba su biya ba.

Ka nuna littafin. Ka nuna, na ce. Kada ka ba kowa.

Akawu


Lahadi, 25 ga sabon wata

Zuwa ga 'yata Akawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Mu nan lafiya ta yi yawa har muna neman wanda za mu sam wa. Takwara ya fara murmushi. Uwarsa ta ce iska ce a ciki, ni na san wanda yake yi wa. Ki yi haƙuri da daɗewa, na ƙi rubutu ne sai an ƙare.

Wasiƙarki ta yi mini zafi, na yini ina zagaya shago ina ba ki amsa a zuci. Washegari na naɗe littafin a jarida na kai ofishin masu saye. Matar nan ta buɗe, ta bi shafi-shafi. Ina jiran dariya, sai ta ce, "Baba, da kowa yana yin haka da na rasa aiki." Ta ɗauki hoto ta miƙo mini abina, ta sa mana ranar zama.

Ranar uku ga wata mutum biyu suka zo da motar ɗaukar kaya. Kafin in fito, Mai Ƙanƙara ta haye kan firji ta zauna ta miƙe ƙafa, ta ce a haɗa da ita. Na ce su ba ni takardarsu. Na tsaya a bakin ƙofa na karanta da ƙarfi, a hankali, duk layi suna ji. Da na kai ƙasa na juya bayanta na ce, "Ina hatimin kotu?" Suka dubi juna. Ɗaya ya ce shi dai aiko shi aka yi. Kafin su tafi ta sayar musu da ruwan sanyi.

Ranar zama Malama ta raka ni. Ɗaki ne a bene na biyu, tebur ɗaya, fanka tana kuka. Manaja ya zo da jaka. Matar ta karanto lambobi uku ta ce ya kawo littafin rasit ɗinsu. Ya ce tsofaffin littattafai sai an bincika. Ta ce, "Babu laifi. In babu littafi babu hujja, in babu hujja babu bashi. Sannan mu dawo kan rasit goma sha biyu da Baba ya ce ya bar maka." Ya fita ya buga waya. Kafin awa ɗaya littafi ya iso.

Ta buɗe lamba ta farko, an biya. Ta biyu, an biya. Manaja ya ce ai kowa zai iya samun lamba. Sai ta buɗe ta uku ta ajiye kusa da shafina mai uku cikin goma. Akawu, a shafin nan na rubuta "wata na goma sha biu". Malama ta zagaye da ja ta cire mini maki. Tun a lokacin na ce mata haka na gani a rasit, ta ce kada in ɗora wa takarda laifina. To, ga kwafin shago a kan tebur, da hannun mai jar hula: "sha biu". Shi ne bai iya rubutu ba! Matar ta dubi manaja ta ce, "Wannan ma kowa zai iya samu?" Ya kama gyaran igiyar wuyansa.

Ashe mai jar hula ya karɓa bai kai ba, su kuma suka ga ya fi sauƙi su bi tsoho da su bi mai babur. Aka ba su kwana goma su janye sunana su kuma rubuto. Maganar rasit ɗina an buɗe mata takarda dabam. Kwana biyu bayan nan suka aiko mini da su, wai a bayan aljihun tebur suka faɗa. Har da robata.

A kan matakala Malama ta ce in ba ta littafin. Na ce Akawu ta hana. Ta yi dariya ta ce to in riƙe mata. Na riƙe, ta ciro jan biro ta mayar da uku ya zama huɗu.

Ranar Alhamis na koma wurin masu kekuna. Yarinyar ta danna na'ura sau ɗaya ta ce, "Wane launi, Baba?" Keke yana ɗakin Auta kusa da taga. Mai shayi ya zuba mini kofi biyu bai karɓi komai ba, na sha ɗaya na bar masa ɗaya ya ji yadda ake yi.

Takardar da shagon suka rubuto tana cikin wannan ambulan. Ki duba layi na uku, bayan sunana: "Ba shi da bashi." Ga su nan su biyu a layi ɗaya, kowa a mazauninsa. Na kai wa Malama ta rubuta a allo.

Na san kin ce takardar asali ba a barinta a hannun kowa. Na kwafe ta a littafi, na kuma yi hoto biyu. Amma gidan nan akwai ɗigar ruwa, ni kuma shekaru sun tafi, ke ce mai akwatin ƙarfe a ofis. Sunan da ke kanta yanzu na mutum biyu ne. Ki adana ta. In takwara ya girma ya iya karatu, ko ina nan ko ba na nan, ki ba shi.

Duba da kyau, a rabe na rubuta.

Kawunki, Kafinta